Mastik da fentin ƙasa: wanne ya dace da motarka a zafin Maraɗi?

An goga maka ƙofa a cunkoson bakin babbar kasuwa, ko ɗan kabu-kabu ya shigar maka da gefen mota, ka kai ta garaji. Mai gyaran jiki ya shafa wurin da tafin hannu, ya ɗago ya ce, "Alhaji, aikin iri biyu ne. Akwai na jika kaza, akwai na jika kaza. Wanne za a yi?" Ranar da aka gama, duk biyun ƙyalli ɗaya suke yi, ko kai da ka biya ba za ka bambance su ba. Sai motar ta sha ranar Afrilu da Mayu tukuna kowane aiki yake faɗin kuɗinsa.

Bambancin yana cikin abubuwa biyu da launi ke rufewa. Na farko mastik, wanda masu gyaran da suka koyi aiki a Kano ko Katsina ke kira fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi. Na biyu fentin ƙasa, shimfiɗar da ake fesawa kafin launi. Wasu su ce firaima, a gwangwanin da ya zo da Faransanci kuma za ka ga an rubuta apprêt. Kowannensu iri-iri ne, kuma ba kowane mastik ne ke zama lafiya da kowane fentin ƙasa ba.

Abin da za mu auna da shi

Kuɗi ne na farko. Farashin kayan fenti a nan yana bin canjin naira da halin iyakar Nijar da Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya, kowa ya ga abin da ya faru da kaya lokacin da aka rufe ta a 2023. Saboda haka abin da ya fi amfani shi ne ka san wanne ya fi wanne tsada, ka kuma haɗa da kuɗin samfefa, tina (ruwan sirka fenti), da kwanakin da motar za ta yi ba ta aiki.

Na biyu ƙarko. Mu ba a bakin teku muke ba, tsatsa ba ta cin mota a Maraɗi kamar yadda take ci a Kwatano ko Legas. Babban abokin gabarmu zafi ne. A bazara inuwa kanta takan wuce digiri 40, rufin baƙar mota kuwa ba ya taɓuwa da hannu. Ƙarfe ya buɗe da rana, ya tsuke da dare, abin da aka shafa a kansa kuma ba lallai ya bi shi daidai ba. Ƙara da jijjigar hanyoyin ƙauye, da ruwan damina, da wankin kullum. Sannan kada a manta yawancin motocinmu na hannu ne daga Turai, inda ake zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara. Da yawa da tsatsarsu suke zuwa a ƙasan ƙofa da bakin taya.

Na uku sauƙin aiki. Garejinmu da yawa a fili suke, ƙarƙashin bedi ko rumfar kwano, ƙura na shiga, wuta na ɗaukewa. Kayan da ke buƙatar ɗaki rufaffe da awa goma sha biyu kafin su bushe, dole a yi lissafin wannan.

Na huɗu haɗari, iri biyu: haɗarin aiki ya lalace, da haɗari ga ƙirjin yaron da ke riƙe da bindigar fenti.

Mastik

Mastik na yau da kullum shi ne na foliyesta, mai zuwa da ɗan bututun maganin daskarwa ja ko shuɗi. Tun shekarun 1950 ya fara maye gurbin dalma da ake narkawa a cike jikin mota da ita, kuma sunan Bondo na Amurka ne ya fi shahara da shi. Kuɗinsa matsakaici ne, yana gogewa da sauƙi, kowane mai gyara ya san hannunsa. Ƙa'idar kwaɓi ita ce magani wajen kashi 2 cikin 100: giram 2 a kan giram 100 na mastik. In babu sikeli, ƙiyasin shi ne mastik kamar ƙwan zabo, magani kamar ƙwayar gujiya. A yanayi mai sanyi-sanyi kana da minti huɗu zuwa shida kafin ya fara kamawa, bayan minti ashirin zuwa talatin a goge. A ranar Maraɗi kuwa minti biyu ma wani lokaci ba ka samu.

Nan ne kuskure biyu ke shigowa. Wani ya rage magani sosai don ya samu lokaci, sai mastik ya ƙi nuna a ciki, yana cushe samfefa, daga baya ya motsa a ƙarƙashin fenti. Wani kuma yana sauri ya zuba da yawa, sai bayan makonni tabo ya fito a saman launi, musamman a farar mota ko mai ruwan azurfa. Maganin zafi shi ne a kwaɓa kaɗan-kaɗan, a inuwa, da sassafe, kuma kada a shafa a kan ƙarfen da ya sha rana. A kwaɓa a kan farantin ƙarfe ko roba mai tsabta, ana ninkawa ana dannawa. Kwali yana tsotse ruwan mastik, juyawa kamar kunu kuma tana cusa iska, ita ce ke zama ƙananan ramuka.

Aibin mastik na foliyesta biyu ne, kuma manya ne. Yana shan ruwa, don akwai hoda a cikinsa. Wanda ya goge mastik da jiƙaƙƙiyar samfefa ya dasa tsatsa da hannunsa. Kuma ba ya son kauri. Milimita 3 shi ne daidai, in ya kai 5 ko 6 an zo iyaka. Na taɓa kai Corolla ta wani garaji ana jibi Sallah, na matsa musu lallai in ɗauke ta ranar jajibere. Maimakon su buga ƙofar ta dawo, sai suka cike ramin. Ban yi wata biyar ba tsaga ta fito kamar gashi, daga nan ta buɗe, da aka fasa sai ga mastik ya kusa kaurin ɗan yatsa. Laifin rabi nasu ne, rabi nawa. Tun daga lokacin nake cewa a nuna mini ƙarfen bayan an buga, kafin a shafa komai.

Mastik mai faiba shi ne wanda aka cakuɗa da zaren gilashi. Ya fi na foliyesta tsada da ƙarfi, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, kuma yana jure jijjiga. Wurinsa kan layin walda, da ƙananan huji bayan an kankare tsatsa tas, da wurin da guduma ba ta iya kaiwa ta baya. Gugarsa aiki ce, sai da samfefa mai kaushi, lamba 40 zuwa 80, kuma ba ya yin sumul, dole a bi kansa da na foliyesta. Haɗarinsa shi ne yana jarabtar mai gyara ya toshe babban rami da shi. Ramin da hannu zai shiga, ko ruɓa a ginshiƙin da ke ɗauke da mota, aikin walda ne da sabon ƙarfe. Ƙurarsa kuma tana sa ƙaiƙayi, tana cutar da huhu.

Akwai mastik mai laushi na gamawa, shi ma da maganin daskarwa. Ba a cike rami da shi, ana shafa shi siriri ne don rufe ƙananan huji da sawun samfefa. Gwangwaninsa ƙarami, yana daɗewa, kuma da ya daskare ya zauna ke nan.

Sai ɗan'uwansa mai arha, mastik na nitiro, wanda ke zuwa a bututu ko ƙaramin gwangwani babu magani. Shi bushewa yake yi ta hanyar fitar tina daga jikinsa, kuma duk abin da ke bushewa haka ramewa yake yi. In an tsaya a huji kamar kan allura, ba laifi. In aka shafa shi da faɗi, bayan wata biyu a rana za ka ga wurin ya faɗa, zanen samfefa ya bayyana. A ganina rabin ƙorafin "fenti ya nutse" da ake yi a gari daga nan yake.

Bamba kuwa zancenta daban ne. Yawancin na motocin yanzu roba ce, in ka duba bayanta za ka ga an buga PP, alamar irin robar. Tana lanƙwasa, mastik na ƙarfe ba ya lanƙwasa, sai ya tsage ko ya ɓare gaba ɗaya. Akwai mastik na roba, akwai kuma wani ruwa siriri da ake fesawa da fari don fenti ya kama ta. Haka nan ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, da alminiyam: a karanta gwangwani a tabbata mastik ɗin yana kama su.

Fentin ƙasa

Ana neman abu uku daga fentin ƙasa: ya kama ƙarfe, ya tare tsatsa, ya cike sawun guga. Babu guda ɗaya da ya fi kowa a duka ukun.

Na nitiro, mai ruwan toka, wanda ake sirkawa da tina kawai, shi ne mafi arha kuma mafi sauri a cikin na saman jikin mota. Cikin ɗan lokaci ya bushe, ƙura ba ta samun damar zama a kansa, yana gogewa kamar alli, abin da ya rage a gwangwani kuma gobe ma yana nan. Shi ya sa garejin fili ke son sa, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ramewar da muka faɗa a kan mastik na nitiro tana nan a jikinsa. Ba ya tare ruwa, kuma tinar launin da aka fesa a kansa tana iya sake jiƙa shi, sai zoben wurin gyara ya fito. Motar da aka bari da shi kawai ta shiga damina, tsatsa za ta huda shi.

Jan fentin hana tsatsa, wanda masu walda ke shafa wa ƙyaure da taga, ya fi kowa arha, amma ba na saman jikin mota ba ne. Na mai ne, yana jinkirin bushewa, kuma tinar fentin mota tana sa shi ya yamutse kamar fatar tsohuwa. A bar shi a ƙarƙashin bodin a-kori-kura ko amalanke.

Mai asid shi ne wanda ke ɗan cin fuskar ƙarfe don ya kama. Ana fesa shi siriri ƙwarai, har kana hango ƙarfen ta cikinsa. Kuɗinsa matsakaici, bushewarsa da sauri, yana da amfani a wuraren da samfefa ta huda ta kai ƙarfe, da kan tutiya da alminiyam. Ba ya cike komai, sai an bi shi da wani fentin ƙasa. Doka ɗaya ce a kansa wadda ba a karyawa: ba a shafa mastik na foliyesta a samansa. Asid ɗin yana hana mastik kamawa, wata rana ya ɗago kamar ɓawon rogo.

Efoksi shi ne sarkin tare tsatsa. Kashi biyu ne, fenti da maganinsa, in ya nuna yana toshe ƙarfe ruf, ruwa ba ya ratsawa. Kuma shi ana iya shafa mastik a kansa, wato ko mastik ya sha ruwa, bai taɓa ƙarfe ba. Tsadarsa a sama take, ba kowane shago ke ajiye shi ba, wani lokaci sai an yi saƙo Kano ko Yamai. Yana jinkirin bushewa, sau da yawa sai ya kwana, kuma yana cushe samfefa in an yi gaggawa. A lokacin hazo da ƙurar hunturu, fesa shi a fili wahala ce, sai an yayyafa ruwa a ƙasa an kewaye wurin da tamfol. Duk da haka, in an kankare mota har ƙarfe, ko an yi walda a ƙasan ƙofa, ban san abin da ya kai shi ba.

Sai mai cikawa na kashi biyu, wanda ake rubuta wa 2K. Wannan ne abokin mastik na gaskiya. Ana haɗa shi da magani bisa abin da gwangwani ya ce, galibi kashi 4 ko 5 na fenti da kashi 1 na magani, a auna da kofi mai lamba, kada a yi da ido. Yana da kauri, shafi biyu ko uku da hutun minti biyar zuwa goma a tsakani suna rufe sawun samfefa lamba 180 zuwa 240, kuma in ya nuna ba ya ramewa kamar nitiro. Yana son bakin bindiga mai faɗi, milimita 1.6 zuwa 1.8. Kuɗinsa ya fi na nitiro nesa, kuma abin da aka haɗa dole a fesa shi cikin kamar awa guda, a zafi ma ƙasa da haka, in ba haka ba ya daskare a cikin bindiga. Akwai magani mai jinkiri da aka yi don yanayin zafi, shi ya kamata a tambaya a shago. A kan ɗan ƙaramin wurin da ƙarfe ya leƙo yana iya wucewa, amma a kan faffaɗan ƙarfe tsirara yana buƙatar efoksi ko mai asid a ƙasansa.

Haɗarinsa ga lafiya ya fi na sauran. Maganinsa na ɗauke da wani sinadari, aisosayanet, wanda aka tabbatar yana jawo asma ga masu fenti, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi, ko kaɗan ya shaƙa sai ƙirji ya toshe. Ƙyalle ko rawani a hanci ba ya tare shi, takunkumin ƙura na takarda ma haka. Mafi ƙaranci shi ne takunkumi mai gwangwanin gawayi da ake canjawa, da safar hannu, da fesawa inda iska ke wucewa. Madarar da ake ba yara su sha bayan fenti ba ta wanke huhu. In kai ne maigidan garaji, kuɗin takunkumi yana cikin kuɗin aiki.

| Iri | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Mastik foliyesta | matsakaici | mai kyau in siriri ne | da sauƙi | tsagewa in ya yi kauri, shan ruwa |
| Mastik mai faiba | sama da matsakaici | mai ƙarfi | guga da wuya | ɓoye ruɓar da ke son walda |
| Mastik na gamawa | matsakaici | mai kyau | da sauƙi | ba ya cike rami |
| Mastik nitiro | arha | rauni | da sauƙi ƙwarai | ramewa |
| Fentin ƙasa nitiro | arha | rauni | da sauƙi ƙwarai | ramewa, tsatsa |
| Mai asid | matsakaici | mai kyau in an rufe shi | da sauƙi | ba ya jituwa da mastik |
| Efoksi | tsada | mafi ƙarko | jinkiri | ƙura kafin ya bushe |
| Mai cikawa 2K | tsada | mai kyau ƙwarai | sai da awo | cutar ƙirji |

Kowanne ka zaɓa, akwai abin da ke ɓata shi tun kafin a buɗe gwangwani. Maiƙo da man goge mota suna sa fenti ya yi ido-ido, don haka a wanke wurin da abin cire maiƙo kafin guga da bayanta. Ruwan da ke taruwa a tankin kwamfiresa, musamman da damina, a riƙa zubar da shi kullum. Guga kuma hawa-hawa ce, daga mai kaushi zuwa mai laushi: samfefa lamba 80 a kan ƙarfe da farkon mastik, sai 120, sai 180 ko 240 kafin fentin ƙasa, sai 400 zuwa 600 kafin launi. Wanda ya yi tsalle daga 80 zuwa fentin ƙasa yana fatan ya cike masa, zai ga zanensa bayan wata guda. Dabara mai arha ita ce a ɗan yayyafa baƙin fenti sama-sama a kan fentin ƙasa kafin guga da katako mai faɗi. Duk inda baƙi ya rage, akwai rami a wurin.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai taksi ko mai Hiace da ke jigila tsakanin Maraɗi da Tasawa ko Madarunfa, wanda kwana ɗaya a garaji asara ce kuma ya san za a sake goga masa: a buga ƙarfe da kyau, mastik foliyesta siriri, sannan 2K a kan wurin gyaran kawai. Wuri kaɗan ne, bambancin kuɗin ba zai karya shi ba. In aljihu ya ƙi sam, nitiro zai yi, amma a bar shi ya kwana kafin launi, kuma kada a bar shi tsirara ya ga ruwa.

Mai motar gida da ke son ya riƙe ta shekara biyar ko fiye: efoksi a kan duk ƙarfen da ya fito, mastik a kansa, na gamawa, 2K, sannan launi. Ka ba su kwana uku ko huɗu, kada ka yi irin gaggawata ta jajibere.

Wanda ya sayo mota daga Kwatano ko Lome ya tarar da tsatsa a ƙasan ƙofa: a yanke ruɓaɓɓen, a yi walda, efoksi ciki da waje, mai faiba a kan layin walda, sauran kamar na sama. In aka rufe waje aka bar bayan ƙarfen tsirara, tsatsar ta ciki za ta dawo.

Mai Hilux da ke shiga daji wajen Dakoro yana ɗaukar buhuna da dabbobi: jijjiga ce matsalarsa, don haka mastik ya zama kaɗan iyakar iyawa, a fi ba guduma da walda ƙarfi. Cikin bodi, inda fitsarin dabba da taki ke zama, efoksi ne ya dace.

Wanda bambarsa ce kawai ta tsage: a narka robar a haɗe ta ta baya, mastik na roba, ruwan kama roba, sannan fentin ƙasa siriri. In tsagar ta kai wurin maƙalewa, ka tambayi kuɗin bamba ta hannu kafin ka yarda da gyara.

Wanda zai sayar da mota kwanan nan yakan ce a yi mai arha, kuma nitiro a kan gyara mai tsabta ba zamba ba ce, muddin an faɗa wa mai saye an taɓa wurin. Cike rami da mastik mai kauri a rufe da ƙyalli kuwa algus ne. In kai ne mai sayen, ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ka naɗe shi da ƙyalle, ka bi ƙofofi da gefen taya da shi. A motar da jikinta ƙarfe ne, inda ya kama da ƙarfi lafiya lau, inda ya saki ko ya zame kuwa mastik ne a ƙasa, sai ka ce wa dillali, "Malam, nan fa an yi aiki," ku koma kan ciniki.